Bishiyar Mepul a Lokacin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Dasawa

Duk wanda ya zauna a Toronto, Columbus ko Manchester ya san yadda wuraren sayar da dashe ke cika da zarar Afrilu ya kama. Mutane sun gaji da zaman ɗaka, kowa na son ganin kore a ƙofar gidansa, kuma mepul na cikin itatuwan da aka fi ɗauka. Sai dai hoton kaka ake nuna wa mai saye: ganye ja wur a watan Oktoba. Ba a cika gaya masa yadda bishiyar take a sauran watanni ba, balle girman da za ta kai nan da shekara 20. Bazarar da ake nufi a nan ita ce ta ƙasashen sanyi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa na farfaɗowa.

Wace irin bishiya ce mepul, kuma a ina take fitowa?

Ba bishiya ɗaya ba ce, zuri'a ce mai nau'i kusan 130, wadda masana tsirrai ke kira Acer. Ganyenta da ke jikin tutar Kanada tun 1965 ya sa ake ɗaukarta 'yar Amurka ta Arewa, alhali mafi yawan nau'o'inta a Asiya suke, musamman Sin. Akwai su a Turai, akwai kaɗan a tsaunukan Moroko da Aljeriya. Ana gane su ta abu biyu: ganye na fitowa biyu-biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya a jikin reshe, sannan 'ya'yan tagwaye ne masu fukafukai, da ke juyawa a iska idan sun faɗo. A jikin kowane dashe akwai takarda mai sunan Latin. Wannan sunan za ka duba, domin shi ba ya sauyawa daga shago zuwa shago.

Ba a kaka ake kallon mepul ba? Me ke gare shi a bazara?

Kaka ce dai ta yi masa suna. Amma mepul na cikin itatuwan da suka fi saurin tashi daga barcin hunturu, kuma wasu nau'o'insa da fure suke fara sallama, tun babu ganye ko ɗaya.

Ɗauki jan mepul, Acer rubrum. A jihohin arewa maso gabashin Amurka da kudancin Ontario, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, daji duk yana toka-toka, sai ka hango wani ja-ja ya lulluɓe saman wasu itatuwa. Matsa kusa ka jawo reshe: furanni ne ƙanana, kowanne bai kai farcen ɗan yatsa ba, sun taru curi-curi a gaɓoɓin reshen. Na bishiya namiji suna da siraran zare masu ɗigon ruwan ɗorawa a kai, shi ya sa daga nesa suke yin kalar lemo. Na mace sun fi ja sosai, kuma bayan 'yan makonni sai su rikiɗe su zama 'ya'ya masu jajayen fukafukai, suna reto. Mutane da yawa wannan matakin suke ɗauka fure ne. A Florida da Louisiana abin na farawa tun Janairu ko Fabrairu. Ƙudan zuma kuwa ba su da abincin da ya fi wannan a lokacin, tunda kusan babu wani abin da ya yi fure.

Mepul mai azurfa, Acer saccharinum, yakan ma riga ja fure, sai dai nasa ba shi da armashi. Na sukari, Acer saccharum, yana jira sai ganye ya soma buɗewa, sannan ya saki furanni kore-kore masu ratsin rawaya a kan dogayen zare, duk bishiyar ta yi haske na mako ɗaya ko biyu. A yammacin nahiyar, wajajen Vancouver da Seattle, akwai mai faffaɗan ganye, Acer macrophyllum, wanda ganyensa ke kai santimita 30, furensa kuma na saukowa zangarniya-zangarniya.

Me ya sa sabon ganye ke fitowa ja, daga baya ya koma kore?

Wani sinadari ne mai suna antosayanin, wanda ke taruwa a ɗanyen ganye kafin korensa ya kankama. Masana na ganin yana kare shi daga zafin hasken rana tun yana da taushi. Ko mangwaro haka sabon tohonsa ke yi. Wasu irin da masu lambu suka zaɓo suna riƙe jan har ƙarshen shekara, wasu mako uku kacal.

Idan kyan bazara kawai nake nema, wanne zan saya?

A nan babu na biyun mepul na Japan, Acer palmatum. Japanawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen irinsa, kuma yau akwai sama da iri 1,000 masu suna. Su ma ba kaka kaɗai suke fita kallonsa ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ana zuwa wuraren ibadar Kyoto irin su Tofuku-ji da Rurikoin don ganin sabon koren ganyen, kuma cunkoson bai kai na Nuwamba ba. A Ingila, gandun itatuwa na Westonbirt a Gloucestershire na da tarin irinsa, kuma zuwa can a Afrilu ya fi duba kundin hotuna amfani.

Katsura na cikin masu riga kowa toho. Ganyen na fitowa a naɗe, ƙanƙane, sai ya buɗe yatsu biyar masu ruwan ɗorawa, bakinsu da jan lemo. Zuwa Yuni ya zama kore kamar kowa. Shin-deshojo ya fi shi ɗaukar ido: ja ne mai ƙyalli, har mai wucewa zai rantse fure ne, amma shi ma lokacin zafi sai ya dusashe ya koma kore mai dabbare-dabbare. Mutane kan ji haushin wannan, suna ganin an yaudare su. Ba a yaudare su ba, halinsa ke nan. Wanda ke son ja mai ɗorewa sai ya nemi Bloodgood, mai duhun ja kamar zoɓo, da ke kai mita 5 zuwa 6. Sango-kaku kuma a rassansa kyan yake: jajaye ne duk hunturu, sai sabon ganye kore mai haske ya fito a kansu.

A ganina, a garin da sanyi ke yawan dawowa bayan an zaci ya tafi, Emperor I ya fi Bloodgood hikima. Kamanninsu kusan ɗaya, amma yana jinkirin toho da kamar mako biyu, kuma wannan jinkirin ne ke cetonsa.

Ga mazauna Birtaniya akwai Brilliantissimum, wani irin Acer pseudoplatanus mai tafiyar hawainiya wajen girma. A Afrilu ganyensa ruwan hoda ne, sai rawaya, sai kore. Bayan Mayu ba wanda zai waiwaye shi.

Gidana ƙarami ne, filin bai wuce taku goma ba. Akwai wanda zai dace?

Akwai, muddin ka kawar da kai daga manyan nau'o'in. Irin Japan masu siraran ganye da rassa masu sunkuyawa, kamar Tamukeyama da Crimson Queen, ba su cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, amma suna faɗi fiye da tsayinsu, don haka kada a matse su a jikin bango. Suna rayuwa shekaru a cikin babbar tukunya mai huji a ƙasa, abin da ya dace da ɗan haya: ranar tashi ka tafi da abinka.

Idan akwai ɗan sarari, duba Acer griseum, wanda Ernest Wilson ya kawo Ingila daga Sin a 1901. Yana kai mita 6 zuwa 9, a hankali. Ɓawonsa mai kalar kirfa yana ɓarewa yana nannaɗewa da kansa, saboda haka ko a Fabrairu akwai abin kallo. Yana da tsada, domin yawancin 'ya'yansa fanko ne, ba sa tsirowa.

Ni kuma fili gare ni, inuwa nake so, kuma da wuri.

Kalmar "da wuri" ita ce ke jefa mutane cikin wahala. Mai azurfa ne ya fi kowa sauri, kuma shi ne ya fi janyo da-na-sani: itacensa gautsi ne, guguwa ko nauyin ƙanƙara na karya manyan rassa, saiwoyinsa na bin saman ƙasa suna ɗaga daɓe, suna kutsawa cikin tsoffin bututun kwata. A bakin rafi ko ƙarshen gona, madalla. Kusa da gida, a'a.

Tsaka-tsakin shi ne Acer freemanii, barbarar ja da mai azurfa, mai ɗauke da sunan Oliver Freeman, wanda ya haɗa su a gandun itatuwa na gwamnatin Amurka a 1933. Fitaccen irinsa shi ne Autumn Blaze, da ke iya ƙara kusan mita ɗaya a shekara yana ƙarami. Aibinsa shi ne yakan fitar da rassa a matse, suna gogayya da uwar bishiyar, kuma idan ba a gyara su a shekarun farko ba, wata rana sai ta tsage biyu.

Na sukari shi ne sarki, yana kai mita 25 ko fiye, yana rayuwa sama da shekara 200. Amma ba ya son birni. Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara na kashe shi sannu a hankali, haka ma ƙasar da motoci suka danne. A bayan gida mai faɗi za a sa shi, ba bakin hanya ba. Kowanne ka zaɓa cikin waɗannan, ɗaga kai ka duba wayar lantarki tukuna, sannan ka bar aƙalla mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da gini.

Me ya sa ake cewa a guji na Norway, alhali yana da kyau kuma yana da araha?

Kyau kam yana da shi. A Afrilu Acer platanoides na cika da curin furanni rawaya-kore masu haske kafin ganye, kuma cikin manyan nau'o'in babu wanda furensa ke fitowa fili haka. A Turai, inda nan ne gidansa, ba laifi. A Amurka ta Arewa ne ya zama alaƙaƙai. John Bartram na Philadelphia ya shigo da shi a 1756, aka kuma dasa shi birjik a tituna bayan cuta ta gama da itatuwan elm a tsakiyar ƙarni na 20, saboda yana jure hayaƙi da gishiri. Daga nan 'ya'yansa suka bazu cikin dazuzzuka. Yana riga itatuwan gida toho, yana bin bayansu zubar da ganye, inuwarsa kuma mai duhu ce har furannin daji da dashen mepul na sukari ba sa iya tashi a ƙarƙashinsa. Ko ciyawar tsakar gida ba ta yi. Jihohin Massachusetts da New Hampshire sun haramta sayar da shi. Crimson King mai duhun ganye, wanda ake yawan kira "jan mepul" a shago, shi ma ɗan Norway ne.

Yana kama da na sukari ƙwarai, har a 2013 wasu masana tsirrai suka ce ganyen da ke jikin sabuwar takardar dala 20 ta Kanada nasa ne. Babban bankin ƙasar ya ce zane ne kawai da ya haɗa kamannin nau'o'i da yawa. Gwajin da ke raba su biyun: tsinke ganye, ka matsa gindin sandarsa. Idan farin ruwa kamar madara ya ɓullo, na Norway ne. Na sukari ruwansa garau yake.

Garinmu sanyi ya yi yawa. Ko kuma zafi. Yaya ke nan?

Ma'aikatar noma ta Amurka na da taswirar da ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa tsananin sanyin hunturu, Kanada ma na da tata, kuma lambar shiyyar na jikin takardar dashe; ƙaramar lamba na nufin sanyi ya fi tsanani. Na Japan na yi ne daga shiyya ta 5 zuwa ta 8. A Winnipeg ko Edmonton asarar kuɗi ce. A Minneapolis caca ce. Mai son irin wannan ganyen a wuri mai sanyi sai ya nemi na Koriya, Acer pseudosieboldianum. Na Amur ya fi shi juriya, furensa har ƙamshi yake, sai dai yana bazuwa, kuma Minnesota da Wisconsin sun kafa masa dokoki.

A kudu kuwa zafi ne abin tsoro. A Dallas, inda ƙasa ke da farar ƙasa a ciki, na Shantung, Acer truncatum, ya fi dacewa, kuma sabon ganyensa ja-ja yake fitowa. A Houston akwai jan mepul na yankin da ake kira Drummond. A Atlanta na Japan na yi, in dai ya samu rana da safe, inuwa da yamma.

Ganyen jan mepul ɗina rawaya yake fitowa, jijiyoyin kawai ne kore. Taki zan ƙara?

Da wuya taki ya yi magani. Jan mepul na son ƙasa mai ɗan tsami. A ƙasa mai alli ba ya iya zuƙar sinadarin manganis ko da yana nan. Shi ya sa gwajin ƙasa kafin saye ya fi komai arha. Mai irin wannan ƙasa a Ingila ya nemi Acer campestre, mepul ɗaya tilo ɗan asalin Birtaniya, wanda har shinge ake yi da shi.

Me zan duba wajen saye, kuma yaya ake dasawa?

Kada girma ya ruɗe ka. Ƙaramin dashe ya fi saurin kamawa, kuma sau da yawa yakan cim ma babba cikin 'yan shekaru. Zare shi daga tukunya ka duba saiwa. Idan ta nannaɗe tana zagaye, a warware ko a yanke, in ba haka ba bayan shekara 10 ko 15 ita za ta shaƙe gindin, kuma mepul ya yi ƙaurin suna a wannan. Irin Japan masu suna yawanci 'yan aure ne, don haka duba mahaɗar ta warke lafiya, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ita a cire.

Rami ya yi faɗi biyu ko uku na tukunyar, amma kada ya fi ta zurfi. Wurin da gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa dole ya kasance a sarari, ana ganinsa. Binne wannan wurin ya kashe bishiyoyi fiye da ƙwari. A shimfiɗa ɓarzajjen itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewaye, ba tare da ya taɓa gindin ba. Za ka ga ma'aikata na tula shi tsibi a jikin bishiya a harabar manyan shaguna. Kada ka kwaikwaya. Ban ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako na shekara biyun farko ya fi yayyafi kullum. A Amurka a kira lamba 811 kafin haƙa, su zo su nuna inda bututun gas da wayoyi suka bi. Kyauta ne.

Sanyi ya dawo cikin Afrilu, sabon ganyen ya yi baƙi ya lanƙwashe. Ta mutu?

Galibi a'a. Bishiya mai lafiya na da idon toho na ajiya, kuma za ta sake fitarwa cikin makonni uku zuwa shida. Kada ka datse, kada ka zuba taki, jira kawai. Idan an yi hasashen daskarewa da dare, a lulluɓe ƙaramar da tsohon zanen gado, ba leda ba.

Na yanke reshe a Maris, ruwa na ta zuba.

Lokacin hawan ruwa ne. Ba ya kashe ta, amma a bar aski sai ganye ya ƙosa, wajen Yuli, ko ƙarshen kaka. Kada a shafa fenti a wurin.

Wannan ruwan ne ake yin zumar mepul da shi? Zan iya yi a gida?

Shi ne. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, idan dare ya daskare rana kuma ta ɗan yi ɗumi, ruwan na gudu. Ana huda gindin, a sa ɗan bututu, a tara. Sukarin cikinsa kusan kashi 2 cikin 100 ne, don haka sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya. Lardin Quebec kaɗai na samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha, kuma fita cin abinci a bukkokin dahuwar al'ada ce ta bazara a can. Da toho ya fashe, ɗanɗanon ya ɓaci, kakar ta ƙare. Dashenka kuwa sai kaurin gindinsa ya kai santimita 25, abin da ke ɗaukar na sukari shekara 30 zuwa 40. Idan ka sami tsohuwar bishiya a gidan, gwada, amma a waje za ka dafa. Tururin na iya ɓare takardar bangon kicin.

'Ya'yan suna toshe mini indararo, suna tsirowa ko'ina.

Ja da mai azurfa a ƙarshen bazara suke zubarwa, sauran sai kaka. Akwai irin jan mepul maza zalla, kamar Brandywine da Sun Valley, da ba sa 'ya'ya. Sai dai namiji shi ke sakin ƙurar fure, don haka gidan da ke da mai asma ko mai atishawar bazara gara ya haƙura da shara.

Yana cutar da dabbobi?

Dawaki, ƙwarai. Yanƙwanannen ganyen jan mepul na lalata musu jini. 'Ya'ya da ƙananan tsiron Acer pseudoplatanus da Acer negundo kuma na ɗauke da dafin haifoglisin, wanda ke kashe doki. Dafin nan shi ne ke cikin ɗanyen gwanja-kusa na Afirka ta Yamma, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda danginsu ɗaya.

Zan iya kai iri gida in shuka a Kano ko Jos?

Zai iya tsirowa, amma ba zai yi ƙarko ba. Waɗannan nau'o'in na buƙatar makonni masu yawa a sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi toho yadda ya kamata. Hunturun Kano bai kai nan ba, zafin Afrilu mai digiri 40 kuma zai soye ganyen. Jos da Mambila sun fi sauƙi, duk da haka ba su da dogon sanyin. A kula da masu tallar iri a intanet da hoton mepul shuɗi: babu irin wannan bishiya, kuma ko irin gaske ne, ƙwayar Bloodgood ba lalle ta haifi Bloodgood ba. Mai son bishiyar da ke yin jan fure tun babu ganye, gurjiya na nan, kuma ta san rani.

Layinmu duk mepul ne. In ƙara ɗaya?

Da ni ne, da na nemi wani abu dabam. Wani ƙwaro mai dogon ƙaho daga Asiya, da aka fara gani a Amurka a unguwar Brooklyn ta New York a 1996, mepul ya fi so. Da ya ɓulla a Worcester ta jihar Massachusetts a 2008, sai da aka sare itatuwa sama da 30,000 a yankin, wasu layukan suka koma fayau saboda kusan iri ɗaya aka dasa musu. Masu kula da itatuwan birane na bin ƙa'idar da Frank Santamour ya gabatar a 1990: kada nau'i ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100, zuri'a ɗaya kashi 20, dangi ɗaya kashi 30. Birane da dama a Ontario da tsakiyar Amurka sun zarce wannan da mepul. Haka kuma idan wani mepul ya taɓa bushewa ɓari guda ya mutu a filinka, mai yiwuwa cutar batisiliyam ce, wadda ke zama cikin ƙasa shekaru. Kada a mayar da wani mepul a ramin. Itacen oak ko ginkgo ba sa kamuwa da ita.